Ƙafafun Jar Motar Malali

Sana'ata sayar da taya da wili. Wili shi ne ƙarfen da ake sa wa taya kafin a ɗaura ta a jikin mota, wasu rim suke cewa. Shagona yana Badarawa a bakin titi, kuma alhamdu lillahi yanzu ya zama ƙofa uku a jere. Amma ba da shago na fara ba. Daga wani ƙauyen Kano na zo Kaduna, da injin iska na haya da rabin duro na gwada faci, kuma inda na fara ajiye su gindin katangar wani babban ma'aikacin gwamnati ne a Malali. Bai kore ni ba. Da ya ga rana tana cin ƙeyata ma sai ya sa aka kafa mini rumfar kwano. Tun daga nan nake ce masa Baba, shi kuwa har yau, ko a gaban 'ya'yana ne, “mai faci” yake ce mini.

Baba yana da wata jar mota mai ƙofa biyu da kujera biyu, dogon hanci, gajeren baya, ga ta ƙasa-ƙasa kamar ta durƙusa. Tun yana saurayi ya saye ta, lokacin da aka tura shi kwas ƙasar waje, ya sako ta a jirgin ruwa. Ba motar zuwa ofis ba ce. Ranar hutu yake fito da ita, ya hau hanyar Zariya ya buɗe mata wuta, ya dawo yana murmushi shi kaɗai. Idan ta fito daga gida nakan saki tayar da ke hannuna in bi ta da kallo har ta sha kwana.

Wata shekara da zai tafi aikin hajji sai ya ba wani makanike wilin motar duka, har da na safaya, a kankare tsatsa a yi fenti kafin ya dawo. Ya dawo ya tarar makaniken ya kwashe kayansa ya bar gari. Motar ta zauna a kan bulo a tsakar gida. A lokacin na riga na buɗe shago, na je na ce zan nemo mata wasu. Ya girgiza kai.

“Nata nake so, mai faci. Mutumin zai dawo.”

Mutumin bai dawo ba. Shekaru suka yi ta wucewa, Baba ya yi ritaya, gemu ya yi fari fat, ni ma na daina tayar da maganar. Sai dai bai bar motar ta mutu ba. Duk Juma'a da hantsi zai buɗe ta ya shiga, ya tayar da inji, ya ba ta wuta, har giya yake sawa, ƙusoshin baya suna ta juyi a iska ba taya. Yana sa a canza mata baƙin mai, yana sa a yi cajin batir. Maƙwabta sun saba, in sun ji rurin sai su ce Baba ya kama hanya.

Bara waccan, ana tsakiyar zafin bazara, babbar 'yarsa ta kira ni a waya. Ma'aikaciyar asibiti ce, a gabana ta tashi, tun tana kawo mini kekenta in hura mata taya. Yaya take ce mini.

“Yaya, kana shago? Don Allah ka zo gida. Ni da Baba mun kasa jituwa.”

Na tarar da yashi da bulo a ƙofar gida, buhunan siminti a jibge a baranda. Gwiwoyin Baba sun ƙi, hawan bene ya zame masa azaba, ita kuma ta ƙudura sai ta gina masa ɗaki da banɗaki a ƙasa kafin ruwa ya sauka. Fili ɗaya ne a gidan da zai ɗauki ginin, kuma jar mota ce zaune a kai. Har ta kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Sun zo sun zagaya motar suna ƙwanƙwasa ta, sun ce tunda ba ta da ƙafa za su zo da abin yanka su fitar da ita gunduwa-gunduwa.

Baba yana zaune a kujerar roba kusa da motar, sandarsa a tsakanin ƙafafunsa.

Na ce, “Hajiya, a tara majiya ƙarfi su ɗaga ta su matsar da ita gefe mana.”

“Yaya, ba zan ɗauke tarkace daga wannan lungu in kai wancan ba. Leƙa ƙarƙashinta ka ga gidan ɓeraye. Kwanan nan maciji aka kashe a wurin. In mota ce, ta tashi ta fita ƙofar nan da ƙafafunta ta dawo, ni da kaina zan sama mata wuri. In kuwa ba mota ba ce, ranar da magina za su fara haƙa, ranar za ta bar gidan nan.”

Ban ga laifinta ba. Ita take kwana da shi in ƙafar ta tashi. Na juya wajen Baba, na durƙusa yadda zai ji ni.

“Baba, nata ba za su dawo ba. Ko makaniken nan ya shigo yau, wilin sun daɗe da zama murhun masu ƙosai. Ko ka yarda in sa mata wasu, ko ka yarda a yanka ta.”

Ya dubi kan sandarsa. Can ya ce, “Ba za a buga mata guduma ba.”

“Na ji.”

“Kuma kada ka sa mata irin na yaran nan, mai ƙyalli kamar farantin amarya.”

“Shi ma na ji.”

Kafin in tafi na nemi kwalin taliya a kicin. Na shafa baƙin giris a kan ƙusoshi huɗun da ke riƙe wili, na danna kwalin a kai, na huda inda suka yi shaida, na zagaye tsakiyar da biro. Sannan na karyi tsinken tsintsiya guda biyu. Ɗaya na auna shi daga fuskar birki zuwa ƙarfen shokozoba ta ciki, ɗayan daga fuskar birki zuwa leɓen fenda ta waje. Haka nake awona tun ina bakin titi. Ina da tef a shago, amma lamba takan gudu daga kaina, kwali kuwa ba ya mantuwa.

A kasuwarmu in ka ce kana neman wili, tambaya ɗaya za a yi maka: huji nawa? In ka ce huɗu, a jawo maka mai huɗu. In an kai bai shiga ba, a ɗauko magagari a goge hujin ya yi faɗi, a buga shi ya zauna, a ɗaure noti da ƙarfin tsiya. Mota ta tafi. In ta fara rawa a hanya sai a ce sitiyari ne. Alhali huji huɗu ba iri ɗaya ba ne. Na ƙananan motocin yanzu a matse yake, na motar Baba kuwa a buɗe. Ga kuma maganar zurfi. Wilin motocin yanzu fuskarsa a waje take, jikinsa duk ya shige ciki. Tsohuwar mota mai ja da baya wanda fuskarsa ta lotsa take so, leɓensa ya fito waje, in ba haka ba taya za ta riƙa gogar shokozoba.

Maƙwabcina na shago, wanda muka yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya, ya ga ina yawo da kwali a hammata sai ya jawo mini wasu manya, sababbi fil, har kana ganin fuskarka a jiki.

“Alhaji, wahalar me kake sha? Ga su nan. A ɗan goge huji, a ɗan ɗaga fenda da guduma, a sa siririyar taya. Wallahi tsohon nan in ya gani sai ya ƙara aure.”

“In ya hau tudun farko a layinsu kuma fa? Ka san kowane mai gida a Malali ya gina nasa tudun a ƙofarsa.”

“To sai ya tafi a hankali.”

“Wanda zai tafi a hankali ba ya sayen irin motar nan.”

Na zaga kasuwar Panteka, na zaga duk wani lungu da na san ana sauke kayan Kwatano. Na kira mutanena na Kano da na Legas, suka yi ta turo mini hotuna a waya. Duk manya ne, duk na motocin yanzu. Wani ma dariya ya yi mini, ya ce ƙaramin wili irin wannan ko kyauta aka ba shi ba zai tare wuri da shi ba. A gidan Baba kuwa magini ya riga ya zo ya zuba toka a ƙasa ya fitar da layin gini, layin ya bi ta ƙarƙashin motar ya fita ta ɗaya gefen. Gabas ta fara haɗa hadari da yamma.

Maganar mutumin nan da ya yi mini dariya ce ta tsaya mini a rai. Ina zaune a shago ina kallon bayan ƙofa, inda nake jibge wilin alminiyam da suka tsage, waɗanda mu a kasuwa dalma muke ce musu. In sun taru wani mai kura yakan zo ya auna ya kwashe, ya kai wa masu ƙera tukwane su narka. Sai na tambayi kaina: wilin da bai tsage ba, amma babu mai so, ina yake zuwa? Ai hanyar ɗaya ce. Ina ta neman abu a inda ake sayarwa, alhali ya daɗe da barin can. Na nemi mai kurar na tambaye shi wa ya fi sayen dalma da yawa. Ya ce wani dattijo a Rigachikun.

Washegari da safe na kama hanya. Wurin yana bayan gari, gefen gonaki. Rumfa ce babba da ramin wuta a tsakiya, ga akwatunan ƙasa da ake zuba narkakkiyar dalma a ciki, ga sababbin tukwane a kife a rana suna ɗaukar ido. A can gefe tsibin tarkace ne ya fi ni tsawo: murfin inji, tsofaffin tukwane, firam ɗin taga, da wili iri-iri. Wani ƙato yana tsaye a gindin tsibin da babbar guduma, yana jawo su ɗaya bayan ɗaya yana farfasawa don su shiga kasko. Mai wurin yana zaune a inuwa a kan wani abu da aka lulluɓe da buhu, yana kankare bakin tukunya.

“Salamu alaikum. Sannu da aiki, Malam.”

“Wa alaikumus salam.” Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa. “Daga jin sallamar nan Bakano ne. Kai, ku ɓoye ma'auni, bawanmu ya zo.”

“Yanzu har Bazazzagi ya yi arzikin da zai ɓoye wani abu? Ubangidanka ne ya zo duba aiki.”

Ya yi dariya har tukunyar ta kusa suɓuce masa. “Tukunya ka zo saya, ko wannan kwalin ka kawo mu narka?”

Ban ɓoye masa komai ba. Na san wasu za su ce in yi kamar tarkace kawai nake so, kada ya gane. Amma wanda ya ga mutum ya taso daga Kaduna da kwali a hammata ya riga ya gane. Na gaya masa labarin motar da na tsohon da na ginin. Ya saurara yana kankara, ya nuna mini tsibin da haɓa.

“Shiga. In wani abu ya cije ka, ba ruwana.”

Na cire babbar riga na rataye, na roƙi mai gudumar ya ɗan huta, na hau. Duk ƙaramin wilin da na jawo sai in ɗora masa kwali. Yawanci hujin ba ya haɗuwa. Na samu wasu biyu da suka haɗu, amma da na sa tsinke sai na ga sun cika zurfi ta ciki. Na samu wasu da suka dace sarai, sai dai fuskarsu a rufe take kamar murfin tukunya, na motar ɗaukar kaya ne, na san in na kai wa Baba ba zai ko dube su ba. Duk da haka na ware su gefe, don in babu wasu gara su da abin yanka. Rana ta take, dalma ta ɗauki zafi har ba ta taɓuwa sai da tsumma.

A can ƙasa, ƙarƙashin wasu firam, na hango wani leɓe mai faɗi. Na jawo. Hannu takwas ne da shi, kowane hannu a ɗan kumbure a tsakiya kamar ayaba, fuskar a lotse. Irin wanda masu son gudu suke canza wa motocinsu ne a zamanin da aka yi motar Baba. Ƙasa da tsohon fenti sun rufe shi, amma na san shi. Na ɗora kwali, haske ya ratsa ta huji huɗun gaba ɗaya. Na sa tsinken ciki, ya bar wuri. Na sa na waje, ya tsaya daidai. Na ci gaba da tono da hannu biyu kamar mai neman gyaɗa, na fito da na biyu, na fito da na uku.

Na huɗun a gaban mai guduma na same shi. Ya riga ya sha duka ɗaya, leɓensa ya ɓalle har zuwa hannu.

Na tsuguna ina jujjuya wilin. Mai gudumar ya ce in yi haƙuri, da sanyin safiya ya fara da shi. Na ce ba komai, aikinsa ya yi. Na san masu walda za su ce za su iya liƙe shi, amma ba zan ɗora tsoho a kan liƙi ba. Na jera ukun a gaban mai wurin, na zauna a ƙasa ina share gumi.

“Uku ba sa tafiya,” ya ce. “Sai dai ka mayar da ita keke mai ƙafa uku, ku Kanawa ai kun saba.”

“Wanda ya kawo maka su, huɗu ya kawo?”

“Ni ina ƙirga tarkace ne? Aunawa nake yi.”

Ya faɗi haka bai dube ni ba, kuma na ga gefen bakinsa yana rawa. Sai na lura tun zuwana bai tashi ba. An kira shi ya duba wuta, ya ce a kawo masa ya gani. An kawo masa ruwa, bai miƙe ya karɓa ba. Na dubi abin da yake zaune a kai. Zagayayye ne, kuma inda buhun ya ɗan zame ina hango leɓe.

“Malam, tashi in gaida kujerarka.”

“Kujerata ba ta karɓar gaisuwar baƙi.”

“Don girman Allah tashi.”

Ya kwashe da dariya, ma'aikatansa suka taya shi. Ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa, ya yaye buhun. Hannu takwas. Biyar aka kawo masa, har da na safaya, shi kuma ya zaɓi wanda ya fi lafiya ya mayar abin zama tun tuni.

“Tun da ka ɗaga na farko na gane,” ya ce. “Na ce bari in ga iyakar wayon Bakano.”

Kafin mu yi maganar ciniki sai da na gwada su. Na rataye kowanne da waya na buga masa sifana, duk suka yi ƙara mai tsawo, babu wanda ya yi muryar fasasshen kwano. Na wanke su da kananzir, na goge, na barbaɗa garin alli, domin in akwai tsaga ko siririya ce kananzir zai fito ta wurin ya ɓata allin. Babu. Na gara su a kan dandamalin siminti, suka tafi sak ba rawa.

Na ce masa, “Kai ƙarfe kake narkawa, ba kyau ba. Ina da fasassun manya a bayan shago, kowanne ya fi waɗannan nauyi. A ɗora a ma'auni, in ba ka har da ƙari.”

“Ukun na yarda. Wannan kuwa ba ƙarfe ba ne, kujera ce. Kujera da kujera ake musanya ta.”

“Zan aiko maka da ta roba.”

“Ta roba a bakin wuta? Ka ce dai ba ka so.”

Ƙarshe kujerar ofishina ya karɓa, mai juyawa, mai hannu. Na kira direban shagona na ce ya loda fasassun wilin da kujerar ya taho. Ni kuwa ban matsa ko nan da can ba. Na ɗora huɗun ɗaya kan ɗaya na zauna a kai har motar ta iso, don na ga yadda mai gudumar nan yake da himma. Da zan tafi dattijon yana cikin kujerata yana juyi, ya ɗaga hannu ya ce in gaida tsohon, in ce masa Bazazzagi ne ya cece shi.

Da na sauke su a tsakar gidan Baba, ya zunguri ɗaya da sanda.

“Ba nata ba ne.”

“Ba nata ba ne, Baba. Amma sa'anninta ne.”

Ya sa aka ɗora masa ɗaya a cinya. Ya bi hannuwan da yatsa, ya juya bayan ya duba. Ya ce lokacin da yake can ƙasar waje ya ga irinsu a jikin wata mota a tagar shago, ya tsaya ya kalla, kuɗin ɗalibi bai kai ba. Na tambaye shi kalar da za a yi musu. Ya ce hannuwan a yi musu ruwan toka mai duhu, leɓen a bar shi farin ƙarfe, a goge kawai. Da ni ne da baƙi zan yi, amma na bi zaɓinsa, kuma da aka gama na ga ya fi ni gaskiya.

Sauran aikin na haƙuri ne. Ramin tsakiyar wilin ya fi cibiyar motar faɗi kaɗan, na kai wa mai injin yankan ƙarfe ya yanko mini zobba huɗu da za su cike tsakanin, don nauyin mota ya zauna a cibiya, ba a kan ƙusoshi ba. Notin motar na asali masu tsinin baki ne, wilin nan kuma masu dogon wuya yake so, sai da na sa aka nemo mini a Kano. Taya na zaɓi mai kaurin gefe, wadda za ta ɗan ɗaga motar ta kuma shanye ramuka. Na kawo makanikena ya buɗe birki ya wanke, ya canza robobin da suka bushe.

Ranar da za a ɗaura, magini ya zo da diga da mutanensa. Hajiya ta ce su jira zuwa azahar. Suka zauna a kan bulo suna kallonmu. Muka ɗaura huɗun, na ɗaure noti da hannuna, wannan sannan na gabansa, a hankali, muka zare bulon da motar ta yi shekaru a kai, muka sauke jak. Ta zauna a ƙasa. Taya ta cika bakin fenda daidai, ba ta leƙo waje ba, ba ta ɓuya ba. Har maginin sai da ya ce, “Kai!”

Na ce wa makanike ya juya sitiyari har ƙarshe. Dama lafiya. Hagu sai na ji ƙiiit. Gefen taya yana shafar leɓen fenda ta ciki. Kafin in ɗago, makaniken ya riga ya jawo guduma.

“Oga, bugu biyu ne kawai, ba wanda zai gani.”

Na karɓe ta daga hannunsa na miƙa wa Baba. “Riƙe mana wannan, Baba.”

Ya ɗora ta a cinya ya dafe. Na koma shago na ɗauko taya biyu da ba su kai waɗancan faɗi ba, aka sake sawa a gaba. Dama shiru, hagu shiru. Saura baya. Mota a tsaye ba kowa a ciki ba ta faɗin gaskiya, sai an ɗora mata nauyi. Na dubi baranda.

“Malam magini, ara mini siminti.”

“Simintin gini ne fa, Alhaji.”

“Ba ci zan yi ba.”

Muka shimfiɗa tabarma a but ɗin motar muka jera buhuna, ni da makanike muka hau baya muna dannawa muna saki. Na zura yatsu tsakanin taya da fenda, suka shige har da sauran wuri. Aka mayar wa magini simintinsa yana ƙunƙuni.

Baba ya miƙa mini gudumar, ya miƙe. Hajiya ta kama masa hannu har ƙofar motar, ya zame ya zauna, ya ajiye sanda a bayan kujera. Inji ya tashi a bugun farko. Ya sa giya, kuma wannan karon motar ta motsa. Na ga ya ɗan firgita, ya taka birki, ya yi dariya, ya sake saki.

Ƙofar gida ce abin tsorona. Da aka yi wa layin kwalta an ɗaga titi, aka bar gangaren siminti mai tsini a kan kwata, kuma motar ba ta taɓa hawansa ba. Na riga shi fita, na kwanta rubda ciki a bakin titi da fararen kayana ina leƙen ƙarƙashi. Na ɗaga hannu zan ce ya ɗauke shi a karkace, ashe ya riga ya karya sitiyari. Ɗaya tayar gaban ta hau, ɗayar ta biyo. Salansa ta zo daidai tsinin gangaren, ta wuce, tsakaninsu bai fi kaurin yatsa ba. Baya ya hau. Jar mota ta tsaya a kan kwalta.

Masu shagunan layin suka fito. 'Yan acaɓa suka tsaya suna danna oda. Wata tsohuwa a gidan da ke kallonmu ta rangaɗa guɗa. Baba ya miƙa hannu ya buɗe ɗaya ƙofar.

“Ke, shigo. Ai ke kika ce ta fita ta dawo. Zo ki zama shaida.”

Hajiya ta dube ni, ta dubi motar, ta tattara mayafinta ta shiga, gwiwoyinta kusan a haɓa. Suka hau tudun farko lafiya, suka hau na biyu, suka sha kwana. Da suka kai babban titi muka jiyo ya buɗe mata wuta, har magini ya dafe ƙirji ya ce a yi wa tsohon nan addu'a. Ni dai ina tsaye ina kakkaɓe riga, bakina ya ƙi rufuwa.

Sun daɗe ba su dawo ba, har an fara haƙa. Da suka shigo, Hajiya ta fito tana gyara ɗaurin kallabi, idonta ya yi ja, ban sani ba ko iska ce. Ta kira magini ta nuna masa gefen ƙofa ta ce a ƙara rumfa a nan, a yi mata daɓen siminti. Baba daga cikin mota ya ce a yi ta da faɗi, yadda ƙofa biyun za su buɗe gaba ɗaya. Sannan ta juyo wajena.

“Yaya, wannan giyar ta hannu tana da wuyar koyo?”

Yanzu ita take tuƙa shi a ciki ranar ganin likita, yana gefe yana yi mata faɗan kulochi. In sun biyo ta Badarawa sukan rage gudu a gaban shago su danna oda. Kusan kullum sai an samu wani a cikin masu sayen taya ya bi su da kallo, ya juyo ya ce, “Alhaji, irin wilin can nake so, a fito mini da shi.” Nakan ce masa babu, guda huɗu ne, kuma suna jikin motarsu.